Zabuwar Wuta

A bayan Kasuwar Dole, inda ake auna ƙarfe da kilo,
na ga ƙafarta ta leƙo daga ƙarƙashin murfin firij,
ƙafar gilas, siririya kamar tsinken tsire.
Yaron sikeli ya ce, "Kwalba ce, ba ta da nauyi, ɗauka."
Na ɗauka. Na ba shi dala ashirin don kunya.

Na kai wa Barmu, tsohon mai gyaran kuran
wanda idonsa na hagu ya yi fari tun bara.
Bai duba ba. Shafawa ya yi.

"Ka ji nan?" in ji shi. "Lanƙwasar ba ta daidaita ba.
Inji ba ya irin wannan kuskure.
Mutum ne ya riƙe ta bisa harshen wuta,
yana hura numfashinsa ciki don kada ta lotse,
kuma a wuyan nan hannunsa ya yi rawa.
Wadda ba ta da rawar hannu
robar kanti ce, ƴar shekaranjiya."

Ya tofa yawu a farantin bayanta, ya goge da hannun riga.
Shuɗi ya fito, sumul kamar sabuwar langa.
"Fenti ɓarewa yake.
Wannan gasa shi aka yi, sai dai ya tsage a gindin ƙusa,
tsatsa ta zagaye wurin kamar kwalli.
Dubi bakin bututun yadda ya yi baƙi.
Dare dubu nawa ke nan ta ci.
Masu jabu hayaƙin fitila suke shafawa,
ɗan yatsa ma ya ishe shi."

Sai ya yi shiru har shayinsa ya huce.

"Ta hanyar Matamai ce,
bisa ƙofar Gwamma mai romon zabo.
Zamanin da kaminyo ke jan gyaɗa zuwa Kano,
direbobi na hango ta tun daga duwatsu,
jiki ja, ɗigo-ɗigo shuɗi,
ta sunkuya, ta ɗago, ta sunkuya,
tana tsattsagar dare kamar hatsi.
Ranar da aka kafa ta, ni na riƙe tsani."

Labari ya fi mota gudu.
Ran Talata wani ya sauka daga Yamai
da tabarau da ƴar tocila.
Ya kifa ta, ya karanta lambar tarasfo,
ya ƙirga ƙusoshi, ya shinshina waya,
ya ce jika ɗari uku.
Ya ce za ta kwana a falo mai sanyi,
a farin bango, a ƙasar da ba a san romonta ba.

Barmu ya ce sai an gwada.
Muka jira kuran har bayan isha'i.

Zuuu,
kamar zanzaro ya faɗa tulu.
Ja ya bi gadon baya a hankali, ya yi tuntuɓe a ƙirji,
ya wuce.
Ɗigo bakwai suka farka, sauran sun riga mu gidan gaskiya.
Kai bai sunkuya ba.
Ƙafa ɗaya ta tsaya cikin duhu.

Baƙo ya zare jika hamsin saboda ƙafar.
Barmu bai ji shi ba.
Farin idonsa ya koma ruwan hoda,
ya ce wa bango, "Gwamma, a ƙara romo."

Na sayar ran Alhamis.
Mai gidan haya ba ya karɓar haske.
Aka naɗe ta da katifa, aka ɗaure bisa mota,
kuma zabuwa, ko ta shekara a gida, ta daji ce.

Amma guntun yatsan da ya karye tun a bola
yana cikin gwangwanin tumatir, kan tagata.
Na sha goga bakinsa da yatsa.
Baƙin bai fita ba.