Cira

Shekara goma sha uku
ba a yanka ragon suna a ƙofar gidana ba.
Na kai bijiman huɗa kasuwar Gujungu,
na jinginar da fadamar bakin kogi,
muka hau motar Kano, ni da Gambo, tun da safiya.

Aka yi allurai, aka yi gwaji, aka yi jira.
Liman ya ce in dai naka ne da nata,
igiyar aure kuma tana nan, ba laifi.
Ranar da aka kira mu,
likita ta juyo mana da allon na'ura.
Ɗigo uku, ko ƙwayar gero ta fi su.
Ta ce duk sun yi kyau,
amma za mu dasa ɗaya.

Na ce, Likita, ni manomi ne.
Ban taɓa jefa ƙwaya guda a rami ba.
Akwai rabon tsuntsu, akwai na gara,
akwai na ranar da hadari zai taso ya watse.
Kuɗin nan bijimai ne, da ƙahonsu da kofatonsu.
Zuba ukun gaba ɗaya,
ba ni da abin sayarwa in an ce mu dawo baya.

Ba ta yi fushi ba.
Ta ce mahaifa ɗakin mutum guda ce.
In uku suka kama, sukan fito ba su nuna ba,
wata bakwai, wani sa'in ko bakwan ba a kai.
Jinin uwa ya hau, ƙafa ta kumbura.
Daga garinku zuwa inda ake sa jariri a kwalba
awa nawa ne, in damina ta cinye hanya?

Na yi shiru ina lissafin kwalbatin da ya karye.

Sai Gambo, wadda tun Wudil... a'a, tun gida
ba ta ce uffan ba,
ta gyara mayafi ta ce,
Malam, in gero ya fito cunkus a rami,
me kake yi bayan sati biyu?
Na ce, cira.
Ta ce, ka tsuguna, ka dubi masu ƙarfi ka bari,
sauran ka tumɓuke ka yar a kan kunya.

To in nawa suka fito uku,
aka ce cikin ba zai ɗauka ba,
wa zai tsuguna?
Wa zai nuna da yatsa?

Ka manta inda na samo sunana?
Tagwaye na bi, ban taɓa ganin su ba.
Inna ta ce Hassana ta kwana biyu,
Usaina ko azahar ba ta kai ba.
Kallabi guda ya ishe su likkafani.
Ni ba yawa na zo nema ba.
Wanda zan goya nake so, ya yi mini fitsari a baya.

Na dangwala yatsa a takarda.

Biyun da suka rage an sa su a sanyi.
Na ce, in an ɗauke wuta fa?
Wannan karon likita ta yi dariya.
Ta ce sanyinsu ba na wuta ba ne,
za su jira ku, ko shekara nawa, suna ajiya.

Yau kwana ashirin da shuka.
Da galmar aro na yi huɗar bana.
Ina tsugune ina cira, hannuna ya yi nauyi,
kowane tsiro sai na dube shi sau biyu.
Gambo tana gindin tsamiya da ƙwaryar fura,
warin daddawa ya fara tayar mata da zuciya.

Maƙwabta na tambaya, nawa aka sa?
In ce musu, Allah ne masani.
Amma da dare nakan ƙirga a yatsa:
biyu a Kano, ina biya musu haya,
ɗaya a nan, ɗaki guda, shimfiɗa guda,
ba mai ture shi, yana ta juyi shi kaɗai.
Ubangiji, ba mu ƙi yawa ba,
a jere muke so, kamar yadda ake ɗebo ruwa:
guga ɗaya, sannan guga ɗaya, daga rijiya.