Yatsa Biyu

A Rayfield, kan ginin hawa huɗu,
Oga Davou ya riƙe mini hannu, cokalin siminti na ɗiga:
"Kar ka cike tsakanin nan, Tanimu."
Na ce, gini da ɓaraka, oga?
Mu a Gangare, ka bar kafa a bango,
kunama ta samu ɗaki ba haya.

Ya zura yatsa biyu
tsakanin bangon da ke ɗauke da bene
da fuskar kankare mai kallon titi,
wadda ba za ta taɓa ganin fenti ba.
Ya ce, "Na ciki jaki ne, kaya ya sani.
Na waje ke shan ranar azahar ya miƙe,
sanyin asubar Jos ya takure shi.
Ka ɗaure su tamau, wannan ya ja, wancan ya ƙi,
tsaguwa kuwa a fuska take fita."

Muka rataye ta da ƙugiyoyin ƙarfe masu ɗan wasa,
muka toshe bakin da roba saboda ruwan Agusta.

Damina bakwai ke nan.
Jiya na wuce a keke, na leƙa:
ko silin gashi babu.

Da dare na tuna ɗana Habu a Bukuru,
da na matse shi a sana'ata har gaisuwa ta tsage.
Na ɗauki waya. Na ajiye.
Na auna yatsa biyu a iska,
sannan na kira,
ban tambaye shi yaushe zai dawo ba.