Jan da ke Cikin Shara

Jirgin ƙasan Yawunde kan iso Ngawundare da hantsi,
buhu biyu na jatan lande a cikinsa, nawa ne.
In ɓare, in sheƙe, in auna da gwangwanin madara.
Kai da gemu da ɓawo kuwa, sai bayan rumfa,
inda ƙudaje ke zaman majalisa.
Shekara sha tara ni ke ciyar da su.

Ran nan Barira, autata, ta zo da bokiti.
"Inna, daina zubarwa."
Na ce, "Jami'ar taku kiwon ƙuda ta koma?"

Ta wanke, ta shanya a inuwa,
wai rana ɓarauniyar launi ce.
Ta daka a turmina, ta tankaɗe da rariyata,
ta kwarara man gyaɗa, kwalba guda,
mai tsadar nan da nake wa rowa.
Ta ɗora kwano cikin ruwan ɗumi.
Wuta kaɗan. Kada ya tafasa.
Haƙuri, in ji ta, shi ne rabin aikin.

Akwai wani ruwa, ta ce, mai sauri,
mai hawa kai, mai yaji a hanci,
wanda in an gama aka tuttular a kwata
kwaɗi ba sa kuka a daren.
Shi ta ƙi.

Kafin la'asar man ya sake riga.
Ba manja ba, ba jan barkono ba,
ja irin na gefen sama
in ladan ya fara gyaran murya.

Ta faɗi sunansa: astazantin.
Na ce, "Asta dai na sani, mai ƙosai a bakin tasha."
Ta yi dariya har gyalenta ya zame.
"Kin ga yadda iska ke cin ƙarfe ta bar tsatsa?
Haka take cin mai a kwalba.
Wannan jan shi ke tsaya mata a ƙofa."
"Magani ne ke nan?"
"Ban ce ba, Inna. Ana kan awo."

Kwalba biyu ta ajiye mini a kan kanta.
Bayan wata uku na shinshina:
farar ta juya, jar tana nan da mutuncinta.

Tukar muka ba kaji.
Ƙudaje sun yi ƙaura, ko sallama babu.
Jiya malaminta ya aiko neman buhun ɓawo.
Na ce a gaishe shi,
a kuma gaya masa shara ta yi kuɗi.