Daren da Fadamar Bunza Ta Yi Shiru

Kwaɗo uku ne a bakin Bahaushe:
na ƙofa, mai haɗiye makulli,
na akushi, mai zogale da ƙuli,
na ukun shi nake nema yau,
mai gida rabi tudu, rabi ruwa.

A Bunza aka binne cibiyata.
Bayan danga fadama ta miƙe,
kanya da marke sun yi mata rumfa.
In ruwan fari ya sauka da dare
ba mai jin maganar na kusa da shi:
wani na gurnani kamar turmi,
wani siriri, sai ka ce ƙararrawa.

Kakata Ige takan ɗaga yatsa,
ta ce, "Ji maza can suna kiran mata.
Duk rani suna ƙarƙashin laka
sun rufe ido, ba ci, ba sha,
ba wanda ya je ya tashe su
sai Mai sama, ran da ya yi tsawa."

Da hantsi mukan tsuguna bakin tafki.
Ƙwai ne jere kamar carbi mai yauƙi,
kwana kaɗan ga baƙaƙen 'ya'ya,
kai da wutsiya, ba hannu, ba ƙafa.
Mu dawo, ƙafar baya ta tsiro,
mu dawo, wutsiya ta ƙare,
ya haura gaɓa bai ko yi mana sallama ba,
yana tsalle cikin ciyawa.

Bana na zo gida da damina.
Na shimfiɗa tabarma, na kasa kunne.
Gyare na ji, da injin ban-ruwa,
da sauro, runduna guda, a kunnena.
Kwaɗo ɗaya ya yi kira can nesa,
ya jira,
ba amsawa.

Da safe na bi sawun shirun.
Inda kanya take, ramin gawayi ne.
A kunyar shinkafa ga kwalabe
na maganin feshi, an yar, bakinsu buɗe.
Shi kuwa da fata yake numfashi,
da fata yake sha,
abin da aka zuba duk shi ke sawa.

Na tarar da Arzika yana kyafe.
Burduddugi jere a kan waya,
buhu shida sun cika, ana jiran mota.
Tocila a goshi yake kwana,
dā nan kusa, yanzu sai ya yi nisa.
Na buɗe baki zan yi wa'azi,
ya nuna mini 'ya'ya bakwai da haɓa.
Na haɗiye rabin maganata,
don mai ƙoshi bai iya yi wa yunwa tsawa.

Sauran rabin na faɗa a hankali:
"Wanda ya cinye iri, me zai shuka?
Bar musu tafkin bayan maƙabarta,
bar musu wata biyun farkon ruwa,
su yi ƙwai, su ga jikoki."
Ya juya wuta, bai ce e ba.
Bai kuma ce a'a ba. Ya ce,
"Zalɓe ma ya daina zuwa."

'Yata Hantsi, mai shekara takwas,
ta ɗebo 'ya'yan kwaɗi a ƙoƙo
daga kududdufin da ke shirin ƙafewa,
ta juye su a tsohuwar kwatarniya.
Kullum sai ta ƙirga: sha tara.
Jiya ta zo da gudu, sha takwas,
ɗaya ya yi ƙafa, ya tsere.
Tana kuka, ni ina dariya.
Daren nan na bar taga a buɗe,
ko zai tuna da mu ya yi kira,
ko wani can bayan maƙabarta
ya ji, ya amsa daga cikin ruwa.