An Raɗa Mata Suna a Teku

Ƙarfe biyun dare a Oshodi.
Kwandastocin ƙarƙashin gada sun yi shiru,
mai shayi ya kife kofunansa.
Saura ni, da allon na'ura, da fankar da ke tari.
Folarin ya yi matashi da littafin awo yana minshari.

Ran Larabar waccan Inna ta kira daga Nguru:
"Barmani, hadari ya taso daga gabas,
ya yaye kwanon ɗakin awaki,
ya kwantar da geron Kawu Tanimu,
amma ƙasa ta sha har ta ƙoshi."
Na ce Allah ya sa albarka.
Ban gaya mata tun daga Cadi nake bin sawunsa ba,
wata 'yar lanƙwasa a iskar sama,
kamar ninkin zanen da ya daɗe a adaka.

Ya yi yamma. Ya shayar da Nijar, ya shayar da Mali,
ya isa Dakar, ya leƙa ruwa,
ya faɗa.

Yawancin irinsa can suke ƙarewa.
Busasshiyar iskar hamada ta shaƙe masu wuya,
ko ta sama ta fizge kai, ta ƙasa ta riƙe ƙafa,
a wayi gari ko gawa babu.

Shi ya tarar da teku ya yi ɗumi
kamar ruwan bokitin da ya wuni a rana.
Tururi ya hau, ya zama girgije, ya saki zafinsa,
zafin ya janyo wani tururin daga ƙasa,
ci yana haifar da yunwa.
Duniya kuwa tana juyinta, ba ruwanta,
ta murza shi kamar mazari a hannun tsohuwa.
Ya shiga ruwa namiji, hadari,
kwana biyar ya koma mace, guguwa.

Shekaranjiya mutanen Miyami suka raɗa mata suna.
Ba rago, ba goro, ba wanzami.
Daga jerin da aka rubuta tun ba a yi cikinta ba,
suna ne da harshen Inna ba zai iya ɗauka ba.

Yau ta buɗe ido.
Guda ɗaya, baƙi, a tsakiyar farin rawani.
An ce cikinsa shiru ne, har taurari ake gani,
bangonsa ne ke tumɓuke itace.
Wasu masu ƙarfin hali sun ratsa ta da jirgi
suna yafa na'urori kamar masu yafa irin riɗi,
kowace ta faɗi abin da ta gani kafin ta nutse.
Nauyin iska sai sauka yake,
lambar nan ba ta taɓa sauka da alheri ba.

An zana mata hanya kamar mazurari:
yau tsukakke, gobe da dama, gata ya buɗe baki.
Faɗin bakin nan ba girmanta ba ne,
girman abin da ba mu sani ba ne.

Folarin ya farka, ya dubi allo, ya yi hamma:
"Ba tamu ba ce."
Gaskiyarsa. Ikko ta matsa kusa da ɗamarar duniya,
nan mazari ba ya kama juyi.
Namu ruwan sama ne da kwatar da ta toshe,
da danfo yana iyo a hanyar Ikorodu.
Aikina in rubuta wa jiragen Ikeja ganin hanya,
in gaya wa masuntan Makoko tsayin igiyar ruwa.
Na rubuta. Na sa hannu.

Amma ido ya ƙi barin allo.
Can a wani tsibiri wata mata na kafe taga da katako,
ƙusa uku a bakinta, jikanta riƙe da fitila.
Ba ta san Nguru ba, ba ta san awakin Inna ba,
ba ta san iska ɗaya ce ta ƙwanƙwasa masu ƙofa ba.

Da asuba wayata ta yi ƙara.
"Barmani, kin tashi? Geron kawunki ya miƙe."
Na ce madalla, Inna.
Na rage hasken allon da hannun hagu.