Akwatin Burodin Cima

Cima ba ta zo da ma'auni ba.
Burodi ta zaro daga jaka, dogo, da sauran zafinsa,
ta shimfiɗa min kan tebur:
"Ɗaki nake so wa wannan da ƙannensa biyar,
inda ƙuda zai yi sallama a ƙi amsa masa."
Na auna, na rubuta.
Muka cinye ma'aunin da shayi.

Washegari na shiga Kasuwar Katako
ina ƙwanƙwasa alluna kamar mai sayen kankana.
Maɗaci na ɗauko, ja, busasshe,
da ido guda a gefe
wanda na ce zan kauce masa.

Dare biyu ina zane a kwamfuta:
zangarniyar gero biyu sun sunkuya suna gaisawa,
huji bakwai a baya don burodi ya yi numfashi,
gumi ne ke gayyato hunhuna.

Na ɗaure allo a gadon inji,
na nuna wa bakin ƙarfe inda duniyarsa ta fara:
kusurwar hagu, sifiri da sifiri.
Na danna.
Ya ɗauki kukan rina da aka taɓa wa gida,
jan gari na tashi, yana sauka min a gira.

Kawu Nomau na zaune kan gwangwanin fenti.
Daga Ader ya zo ganin likitan ido,
shekara arba'in yana fafe turmi da gizago.
"Wannan naka ba ya gajiya?"
Na ce ba ya yi.
"To, ba ya saurare ke nan."

Ana tsakiyar zangarniya ta biyu wuta ta ɗauke.
Bukoki ta yi tsit, har ka ji tafasar butar maƙwabci.
Da ta dawo bayan la'asar
injin ya manta inda ya tsaya.
Na sake nuna masa, na kuskure da faɗin ƙwayar gero,
ko dai fiye, ban sani ba.
Ya miƙe kai tsaye cikin idon nan,
ƙas!
ɓallin itace kamar farcen babban yatsa
ya tashi ya bugi kwanon rufi.

Na kashe. Na fara lissafin kuɗin wani allo.

Kawu ya ce in miƙo.
Bai duba ba, idon bai kai ba,
yatsa ya aika ya zagaya raunin sau uku,
ya ciro ƴar wuƙa daga aljihun ciki.
Har aka kira magariba yana ɗan ƙwaƙula,
yana hurawa, yana ƙwaƙula.
Da ya ɗaga hannu, ga jan-baki ya sauka kan zangarniya,
wuya a karkace, ɓarawo sak.
"Gero ba tsuntsu," in ji shi, "ai ƙarya ce."

Saura nawa aikin.
Takarda mai yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi.
Na shafa jiƙaƙƙen tsumma, gashin itace ya miƙe,
na bar shi ya bushe, na sake kwantar da shi.
Ban sa fenti ba, abinci ne zai kwana ciki.
Man kaɗe da kakin zuma na narka a gwangwanin tumatir,
shafi uku, kwana uku,
maɗaci yana sha yana duhu
kamar ƙasa bayan ruwan fari.

Ran Laraba Cima ta zo.
Ta buɗe, ta rufe, ta sa hanci ciki,
ta jera shida, suka kwanta ba matsi.
Sai yatsarta ta tsaya kan tsuntsun.
"Kai, injin nan naku akwai wayo!"

Na waiwayi Kawu.
Yana kakkaɓe jan gari daga takalminsa.
"Akwai," in ji shi.

Ya koma Ader ran Asabar.
Mutum uku sun zo tun daga nan, irin na Cima suke so.
Na buɗe zanen a kwamfuta:
gero biyu, huji bakwai,
ba tsuntsu.