Ko-ta-kwana

Kayan aikina goma sha ɗaya ne.
Nakan jera su da safe, in ƙirga,
in sake ƙirgawa bayan na rufe jaka.
In ɗaya ya ɓace, to yana ciki,
kwance tsakanin ninki da ninki
yana jiran ranar da zai ci rai.
Sai a warware, a koma farko.

A Eloy nake, cikin Arizona,
inda auduga ta kewaye filin jirgi
kamar gonakin bayan gidanmu a Funtuwa.
Ubana tela ne. Ya so in gaji keke,
na gudu har na tsallake teku.
Yau ga ni da furfura a gemu,
ƙafa kan keke, allura tana cin leda.
Da yana raye, da ya yi dariya har ya ƙware.

Lema biyu ce a kowace jaka.
Babbar ta kowa ce, a buɗe a naɗe
sau takwas a yini, ana raha.
Ƙaramar tawa ce, ta ko-ta-kwana,
wata shida tana barci a duhu,
ba mai fatan ya ga fuskarta.
Nakan bi igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsefe kan ɗiyarsa,
in kori iska da gwiwar hannu,
in zura fil, in ɗaura jan zare,
in matse darma da hatimina.
Haruffa uku. Iyakar sunana ke nan a sama.

Ni ma na yi tsalle kafin gwiwa ta ƙi.
Ina tuna ƙofar jirgi in ta buɗe:
sanyi ya mari kunci, ga warin mai,
agogon tsayi a wuyan hannu
yana cin lissafinsa da baya-baya.
Ba faɗuwa ake ji ba.
Kwanciya ce kan iska mai tauri kamar buhu,
kumatu na kaɗawa, baki ya bushe,
sai ka ja, ka ƙirga uku,
wani abu ya cafke ka ta cinya da kafaɗa
kamar uwa ta fizge yaro daga bakin rijiya.
Sannan shiru.
Har haushin kare kana ji daga ƙasa.

Wata Laraba, Marlys, nas ce daga Tucson,
babbar lemarta ta sarƙe,
tana juya ta kamar mazari.
Ina tsaye da kofin shayi, na manta da shi.
Ta yanke. Ta ja hannun ƙarfe.
Daƙiƙa biyu, na tsufa a cikinsu,
sai fari ya buɗe a kan shuɗi.
Al'adar wurin nan, giya ake kawo wa mai naɗi.
Ta san ba na sha, ta kawo kwalbar zuma,
tsinkakken jan zaren manne a murfi.
Ba ta ce komai ba. Hannunta ne ya yi ta magana.
Zumar ta ƙare tuntuni,
zaren na nan kan ƙusa da 'yan'uwansa shida.

Amma akwai jakar Hollis.
Lemarsa lafiya lau, rana tarwai,
ya yi kwana kusa da ƙasa, ƙasa ba ta matsa ba.
Aka kawo mini jakar da yamma,
jan zarena bai ko motsa ba.
Na buɗe ta duk da haka, da dare, ni kaɗai.
Ba aibi ko ɗaya. Ninki kan ninki,
sumul, kamar likkafanin da ba a taɓa ba.
Me zan yi da aikin da ya yi kyau
bai kuma ceci kowa ba?

Jirgin ƙarshe ya tashi, ina jin rurinsa.
Wata yarinya ta goya jakar da na rufe jiya,
tana dariya, ba ta san sunana ba.
Ya fi mini haka.
Na sunkuya kan tebur.
Tara, goma, goma sha ɗaya.
Bari in sake.